Maliki Mai Auna Zuciyar Dawaki

Wanda bai san Maliki ɗan Habiba ba, to bai taɓa kwana a Hillat Magaji ba, don ko kurma ya yini a garin sai labarin Dubai ya shige masa kunne. Shekara uku Maliki ya yi can. Ya dawo da farar jallabiya, da rawani mai tsawon igiyar guga, da agogo mai faɗin murfin tukunya. Aikin da ya yi a can kuwa, shi da Allahnsa. Shi dai ya ce a gidan dawakin tsere ya zauna, kuma ba a fid da doki fili sai ya ɗaga kai.

Hannatu, matar marigayi Salih, takan ji wannan ta taɓe baki. Ta san Maliki tun yana rarrafe yana cin ƙasa. Ita ce mai sai da bun, wato ƙwayar gahawa, da citta da sukari a ƙofar gidanta, kuma tun da take ba a taɓa jin ta rage wa wani ko ta yi gyara ba. In ka ce ta yi tsada, sai ta nuna maka hanyar kasuwar Abu Hujar, ta ce ƙafa ba haya ba ce.

To, kowace shekara in an gama yankan dawa da riɗi, Hillat Magaji da Hillat Tukur sukan yi sukuwa, daga gadar tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, zuwa gawon bakin kogi. Kowane gari doki ɗaya yake fitarwa. Shekara huɗu a jere mutanen Tukur na cinyewa, har matansu in sun ga na Magaji a kasuwa sai su tambaye su lafiyar jakuna.

Salih ya yi rantsuwa sai ya wanke wannan kunya. Ya sayi ɗan doki, ya sa masa suna Bidi, ya yi shekara uku yana kiwonsa da dawa da harawa, yana kai shi yashin kogi da sassafe. Saura wata biyar Bidi ya shiga fili, Allah ya karɓi ran Salih. Hannatu ta fita takaba, masu karo, wato amalanken doki, suka yi ta zuwa tayin Bidi, ta kore su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Bidi zai yi gudu da sunan mai gidanta, ko da ita za ta hau. Uzairu, ɗan ƙanen marigayin, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya ci gaba da horon dokin.

Saura kwana uku a yi sukuwa, Umda Alhasan, mai garin, ya tara mutane a gindin dalbejiyar masallaci don a zaɓi doki. Bai rufe baki ba Maliki ya miƙe.

"Ya Umda, abin da ke kashe mu jahilci ne. Kuna duban ƙafa, kuna duban haƙori. A Dubai zuciya ake dubawa! Dokin da zuciyarsa ke bugawa a hankali, shi ne gwani. Wanda tasa ke gaggawa, gawa ne yana tafiya. Ku ba ni yini ɗaya, in bi gida gida, in fid da muku dokin da zai sa mutanen Tukur su yi hijira."

"Da mi za ka auna?" in ji Umda.

Maliki ya ɗaga babban yatsansa na dama sama, ya juya shi gabas da yamma don kowa ya gani. "Da wanga. Wanga yatsa ya taɓa dokin da kuɗinsa zai sayi garin nan har da awakinsa."

Daga bayan taro, inda mata suke, Hannatu ta ce, "Da can dai tsotsonsa kake yi, har ka shekara biyar."

Aka yi dariya. Maliki ya gyara rawani. "Inna Hannatu, ilimi ba bun ba ne, ba a awonsa da cokali."

"Haka ne, ɗan Habiba. Bun ko an soya shi yana ƙamshi."

Umda dai ya yarda. Shekara huɗu na shan kashi kan sa mutum ya gwada ko mene ne.

Washegari da hantsi Maliki ya fito, jama'a na biye. Hannatu ta rufe tirenta ta bi sahu, don ba ta yarda a yi ciniki a kan dokinta tana bayan fage ba. Gidan farko na Abdussalami ne, mai karon ruwa. Dokinsa tsoho ne, sunansa Haƙuri, shekara goma sha shida yana jan tanki. Suka same shi a tsaye yana barci, leɓe a sake, ƙuda na shawagi.

Maliki ya naɗe hannun riga, ya danna babban yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙin Haƙuri, ya kafa wa agogo ido, leɓunansa na motsi. Minti ya cika.

"Saba'in! Masha Allah! Tamam! Wannan zuciyar zaki ce."

Abdussalami da kansa ya waiga, ko wani dokin ake nufi. "Daktor, Haƙuri fa?"

Tun da aka haifi Maliki ba a taɓa ce masa daktor ba. Ya kumbura kamar tantabara. Nan take Abdussalami ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kunna turaren wuta, aka kawo jabana, gahawar nan tamu mai citta da ake zubawa daga 'yar tukunyar ƙasa. Kowa ya san al'ada: baƙon da aka dafa wa jabana ba ya tashi sai ya sha finjali uku, in ya tashi a biyu ya zagi mai gida. Maliki ya sha uku, ya lashe baki.

Labari ya riga shi zagaya gari: wanda ya karrama daktor, dokinsa zai samu shaida. Kafin su kai gida na biyu, an fara aiko wa Hannatu a kan hanya, a ba da bun, a ba da citta, mai zafi. Ta koma ta buɗe tire, ta sallami mutane, ko ƙwaya ba ta ƙara wa kowa ba, ta sake biyo taro.

A gidan Mukhtar ba su jira ya auna ba, jabana suka fara ba shi. Ya sha uku. Ya danna yatsa, yana cikin ƙirga dokin ya kama jelar rawaninsa ya fara tauna. Maliki na ja, doki na ja, rawani na warwarewa, har sanƙon da ya ɓoye tun dawowarsa ya fito fili yana ƙyalli.

"Ashe da madubi ka dawo mana," in ji wata tsohuwa.

"Tamanin da biyar," in ji Maliki, yana naɗa abin da ya rage. "Ba laifi, amma bai kai Haƙuri ba. Kuma ba shi da tarbiyya."

A gidan Adam aka ninka citta. Goɗiyar Adam ta ɗora kofato a kan ɗan yatsan ƙafar daktor, ta tsaya a nan kamar ta biya kuɗin wurin. Maliki ya ƙirga yana hawaye, ya ce casa'in da takwas, ya ce a daina ba ta dawa da yawa. Adam ya ce ai rabonta da dawa tun Layya.

Gida na huɗu yana hayin ƙaramar hanyar ruwa. Kowa ya bi ta kan itacen da aka gitta. Maliki ya ce a Dubai tsallakewa ake yi. Ya ja da baya, ya zabura, ya tsallake rabi. Aka jawo shi da sanda, farar jallabiya ta koma kalar gona, agogo kaɗai ya tsira don ya ɗaga hannu sama. Masu gida suka tausaya masa, suka ce sanyi zai kama shi, suka ba shi finjali biyar. Dokinsu ya samu ɗari da goma.

"Abin mamaki," in ji Maliki, idanunsa sun yi jawur, hannunsa na rawa. "Duk yadda muka yi gabas, dawakin garin nan sai ƙara lalacewa suke. Ruwan gabas ne. Zan rubuta wa hukuma."

Sai bayan la'asar suka iso gidan Hannatu, na shida kuma na ƙarshe. Ta lissafa a ranta, daga bun ɗin da ya fita daga tirenta, ɗan Habiba ya zuba wa cikinsa abin da zai hana ango da abokansa barci mako guda. Ita ma ta dafa tata, don ba za a ce gidan Salih ya gaza ba. Ya sha uku, finjali na kaɗawa a haƙoransa.

Uzairu ya fito da Bidi. Doki ne ja mai sheƙi, wuya kamar an zana, yana taka ƙasa kamar yana jin ƙyamarta. Ya dubi Maliki, ya kwantar da kunnuwa, ya buɗe haƙora.

"Yana cizo?" in ji Maliki.

"Sai wanda ya raina," in ji Hannatu.

Maliki ya tsaya nesa, ya miƙa hannu iyakar tsawonsa, ya dangwala yatsa, ƙafarsa ɗaya na shirin gudu. Leɓunansa suka shiga rawa kamar mai jan carbi a jirgin da zai nutse. Hannatu ba agogo take kallo ba, ba doki ba. Wuyan Maliki take kallo. Akwai wata jijiya a gefen wuyan, ta tashi ruɗu-ruɗu tana harbawa, kuma duk harbi ɗaya, leɓensa ya motsa sau ɗaya.

"Ɗari da talatin da biyu!" Ya yi tsalle baya. "Inna lillahi! Inna Hannatu, ki yi haƙuri. Wanga doki zuciyarsa ta ƙare. In ya yi gudu daga nan zuwa masallaci, sai dai a kira mahauta. Ki sai da shi yau, tun yana tsaye."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Uzairu, ya yi kansa. Aka riƙe shi.

Umda ya ja gemu. "Hajja, kin ji da kunnenki. Ba mu so dokin marigayi ya faɗi a gaban mutanen Tukur. Haƙuri zai yi mana gudu."

Abdussalami ya dafe kai. Shi kansa bai taɓa ganin Haƙuri ya yi gudu ba, ko ranar da gobara ta tashi a bayansa.

Hannatu ta gyara mayafi. "Ya Umda, ko tumatir ba a saye da dubawa ɗaya. A sake awo gobe da safe, a gaban kowa."

"Awona ba ya buƙatar maimaici," in ji Maliki.

"To mi kake tsoro? In ka sake samun abin da ka samu, ni da kaina zan ɗaura wa Bidi karo, in ja shi in kai wa Abdussalami kyauta."

Jama'a suka zaro ido. Hannatu da kyauta! Maliki ya ce ya yarda, har da ƙari.

Da suka watse, ta shiga gida, ta tsaya gaban turminta na daka bun. Ta danna babban yatsa a bakinsa da ƙarfi, ta saurara. Can sai ta ji: dif, dif, dif. Ta ɗaga, ta danna a ƙafar gado. Dif, dif, dif. Ta danna a murfin randa. Shi ma yana da zuciya.

Ta zauna a kan tabarma ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Rabonta da irin wannan dariya tun Salih na da rai.

Da safe gari duka ya hallara a ƙofar gidanta, har da waɗanda suka bar ban ruwa a gona. Sun tarar an kewaye turken Bidi da sabuwar zana, an huda wata 'yar kafa daidai shigar hannu.

"Jiya ya tsorata ka," in ji Hannatu. "Na ce kada ya ciji baƙon Dubai a gidana. Ka sa hannu ta nan, ba ya ganinka, ba ka ganinsa."

Maliki ya ji daɗin wannan har cikin ransa. "Ka ji mace mai hankali. Haka ake yi a can ma."

"Amma ka fara shan jabana."

Ta dafa ta da kanta, baƙa ƙirin, cittar da ta zuba kuwa ta isa gidan biki. Ya sha uku. Gumi ya karyo masa. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ta kafar, ya lalubo, ya ji gashi da fata mai laushi.

"Na same shi. Ga muƙamuƙin. Ya yi sanyi ma, alama ce mara kyau." Ya danna yatsa, ya kafa ido a agogo. Ba ka jin komai sai kukan kurciya. "Ɗari da ashirin! Ban faɗa muku ba?"

"Ka tabbata zuciyar jiya ce?" in ji Hannatu.

"Ko a cikin dawaki dubu zan gane ta. Tana da wani ɗan tsalle a bugu na bakwai."

"Za ta kai yamma?"

Ya girgiza kai cikin jimami. "In ta kai azahar, ku yi sadaka."

Sai aka ji haniniya daga bayan taro. Kowa ya waiga. Ga Uzairu tafe daga wajen tur'a, yana janye da Bidi, an yi masa wanka, yana ta rangaji. Mutane suka dubi doki, suka dubi hannun Maliki da ke cikin zana har kafaɗa, suka sake duban doki.

Hannatu ta kwance igiya ɗaya, zana ta faɗi. A jikin turke, salkarta ce ta fatar akuya a rataye, cike da ruwa, tana ɗiga, babban yatsan daktor a nutse a wuyanta.

Dariyar da aka yi, sai da tsuntsaye suka tashi daga dalbejiya. Umda ya zauna a ƙasa, rawaninsa a hannu. Adam na bugun cinya yana cewa, "A kira mahauta! A yanka ta tun ba ta mutu ba!"

"An riga ku," in ji Hannatu. "Bara waccan aka yanka ta, ranar sunan ɗiyar Uzairu. Har da kai a cin naman, ɗan Habiba."

Maliki ya zare hannu, ya dubi yatsansa kamar yau ya fara ganinsa. "Ruwan kogi ne a ciki," ya ce. "Ruwan kogi yana da motsi. A ilimance..."

"Turmina ma yana da motsi, da ƙafar gadona. Yini guda kana bin gari kana auna zuciyarka, muna biyanka da jabana. Ka ce gawa ce tana tafiya, ka ce ba ta kai azahar. To Allah ya ba ka lafiya."

Da dariya ta lafa, Umda ya share ido. "To Hajja, gobe ne sukuwa. Yaya za mu yi?"

"Zancen zuciya gaskiya ne, bakin da ya kawo shi ne ya karkace. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ba a tsaye yake auna doki ba. Sai ya sa an yi gudu da shi zuwa gada a dawo. Sannan ya sa kunne a haƙarƙari, nan bayan ƙafar gaba ta hagu, ya ji tana dukan ganga. Sai ya ce in zuba masa shayi. In kafin shayin ya huce zuciyar ta kwanta, doki ya ƙoshi. In shayi ya huce tana nan tana haki, a mai da shi turke."

"Haka ne!" Maliki ya yi tsalle. "Wallahi haka suke yi a Dubai! Bayan gudu suke aunawa, da wani abu a kunne. Na gani da idona!"

"Kana ina lokacin?" in ji Hannatu.

Ya sosa ƙeya. "Kusa. Ina riƙe da bokiti."

"Bokitin mi?" in ji tsohuwar jiya.

Ya shiga gyaran rawani, don kowa ya san abin da ake kwashewa da bokiti a bayan doki.

Aka jera dawaki shida. Umda ya karɓi agogon Maliki ya riƙe da kansa. Aka sake su. Biyar suka tashi da ƙura. Haƙuri ya taka a hankali zuwa ƙofar gidan liman, inda ya saba sauke ruwa, ya tsaya. Abdussalami ya yi dukan, ya yi roƙon, sai Haƙuri ya matsa gida na gaba ya sake tsayawa. Har sauran suka dawo, yana gida na uku yana jiran a kawo jarka.

Hannatu ta zuba shayi a ƙaramin kofin gilashi, ta ajiye a kan turmi. Umda ya bi dawakin da kunnensa, ɗaya ɗaya, ya dawo ya sake bi. Tururi bai gama tashi daga kofin ba ya ɗago daga haƙarƙarin Bidi.

"Wannan ta kwanta kamar jaririn da ya ƙoshi. Sauran har yanzu daka suke."

Hannatu ta matso wajen turmi. Ta ɗauki shayin, da sauran zafinsa, ta shanye a tsaye.

Ranar sukuwa, da mai shela ya ce, "Bidi, dokin Salih na Hillat Magaji," sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ba wanda ya ga abin da ke ciki. Da ta buɗe, Uzairu a kan Bidi ya riga ya wuce gonar riɗi, dokin Tukur na shan ƙurarsa. Tsawon doki biyu ya ba shi a gindin gawo. Matan Magaji suka yi guɗa har muryoyinsu suka dishe, suka bi matan Tukur suna tambayarsu lafiyar jakuna.

Ana cikin haka Hannatu ta hango Maliki a tsakiyar mutanen Tukur, da sabon rawani, ya ɗaga babban yatsa sama. Ta matsa ta kasa kunne.

"Ni na duba shi," yake cewa. "Sau biyu. Ku tambayi kowa. Ku da kuke zaɓen doki da ido, haka za ku ƙare."

Mai garin Tukur ya kama hannunsa. "Daktor, baɗi kai za ka zaɓa mana. Ka zo ka yini, gida gida."

Uzairu ya zabura zai tona, Hannatu ta taka masa ƙafa. Ta kwance bakin zanenta, ta fid da ƙullin bun mai kyau da citta, ta danƙa wa mai garin Tukur a hannu.

"Daktor ba ya aiki sai da jabana," ta ce. "Mai zafi, uku uku, kowane gida. Kuma ku fara kai shi wajen mai karo."

"Nawa ne, Hajja?"

"Haba. Kyauta ce."

Mutanen Magaji da ke wurin suka dubi juna, kowa ya haɗiye dariyarsa. A tarihin garin, ranar ce kaɗai aka ga Hannatu ta ba da abu ba ta karɓi ko sisi ba, kuma har yau tana cewa ba ta taɓa yin ciniki mai riba kamarsa ba.